Kalmar da Za a Rubuta Gaban Sunan Garinmu

Sau biyu na faɗi jarrabawar Turanci, kuma abin da faɗuwar ta bar mini shi ne wani littafin rubutu da na cika da kalmomi masu kama da juna. Wani tsohon malami a Isa ya ba ni shawarar haka. Ya ce a Turanci kowace kalma tana da dangi, sai mutum ya san su gida-gida. Sai na samo wani ƙamus da bangonsa ya cire, na shiga tara su. Shafin ƙauna ya fi kowane tsawo, domin a lokacin ina neman wadda ta zama matata, kaina kuma cike yake da ƙananan littattafan soyayya da ake kawowa kasuwa. Akwai shafin duka, inda na jera hit da strike da beat da batter. Akwai na suka da zargi, su blame da criticise da condemn. Akwai na faɗuwa da asara. Waɗannan ukun don jarrabawa kawai na rubuta su. Ban taɓa zaton za ni buɗe su a kan ran ɗiyata ba.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Isa, in mutum ya tashi da sassafe yana isa Tozai da hantsi. Ni malamin sa-kai ne a makarantar garin, tunda ba ni da takardar da za ta sa a ɗauke ni aiki. Iyayen yara ke ba ni damin gero in kaka ta yi. Shekara biyu kaka ba ta yi ba. Damina ta farko gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye. Ta biyu sau uku muna shuka, sau uku rana tana ƙone ta tun tana ganye biyu. Fulanin da ke zaune a gefenmu tun zamanin kakanni, masu noma da kiwo, suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu, nono ya ɓace daga gari. Da bazara ta shigo abincinmu ya koma dusa da busasshiyar tafasa da 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya ragu.

Matata 'yar garin Kurawa ce, doguwa, mai wushirya, idonta kamar kullum yanzu ta gama dariya. Wasiƙun da na aika mata kafin aure, masu cike da kalmomin Turanci, ba ta iya karanta su, ƙawarta ke karanta mata su yi ta ƙyalƙyala. Duk da haka ta adana su a ƙarƙashin kwallayenta. Bayan aure na mayar da azahar lokacin karatu: ta zauna a inuwar ɗaki tana tsefe kai, ni ina karanta mata labarin samari da 'yan matan birni. A cikin farin nan ta haifi ɗiyarmu, kuma ban daina karatun ba, don ina ganin yana ɗauke mata hankali daga cikinta.

Wata azahar, yarinyar tana da wata huɗu, na zo wurin da saurayi ya kai wa budurwa soyayyun kaji da shinkafa. Sai matata ta ɗaga hannu.

"Malam, tsallake wurin cin abincin ga. Nemo min inda suke kuka, shi na fi iyawa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta janye mayafi, ta matsa nononta na dama, ta matsa na hagu. Ko ɗigo bai fito ba.

"Tun jiya," ta ce.

Yarinyar ta kama ta tsotsa, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Da la'asar muka kira ungozoma, tsohuwar da ta yanke mata cibiya. Ta duba maɗigar yarinyar, ta ga ta fara faɗawa, ta dubi uwar, ta ce babu wani jiƙo da za ta ba mu. "Ba magani take so ba, hatsi take so. A ba uwar kunun gero kwana bakwai a jere, ku gani in nono bai dawo ba."

A gidan Baba muke zaune, kuma Baba shi ne sarkin noman garinmu. A shekarun ruwa ya taɓa ɗaure damin da har daga Unguwar Lalle aka zo kallo. Rumbunsa na ƙasa ne, babba, yana tsakiyar gida da hular ciyawa a kansa. A wurinmu ba mai leƙa rumbun maigida, ko matarsa ko ɗansa. Shi kaɗai ke kafa tsani ya hau, ya ɗebo abin da za a ci ya miƙo. Har cikin farin nan kowace safiya yana hawa, ya daɗe a sama, ya sauko da ƙwarya a rufe. Inna kuma, in lokacin daka ya yi, sai ta zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta luguden taɓarya don maƙwabta su ji, ta ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don hayaƙi ya tashi. Kowane gida haka ake yi. Kowa ya san na kowa, amma in an haɗu a masallaci aka ce ina gida, sai a ce lafiya lau, da godiya.

Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa abin da ungozoma ta ce. Washegari ya hau ya sauko da zangarniya uku, aka yi kunun kwana biyu. Da na koma neman ƙari ya ce, "Iri ne. In munka cinye, mi za mu shuka in ruwa ya sauka?" Na fito raina a ɓace, ina ganin rumbu cike da hatsi jikarsa na mutuwa. Inna ta biyo ni bayan ɗaki.

"Kada ka ƙara tambayarshi. Babu komi ciki. Kara ne ya gicciya kusa da baki, ya ɗora ɗan irin bisa."

"Kin leƙa ne, Inna?"

"Allah shi kiyaye in leƙa. Shekara talatin ina jingina da rumbun ga. Na san muryarshi in da hatsi, na san ta in babu."

A cikin makon nan masinja ya zo daga Isa ya ce ofishin agaji zai turo jami'i ya zagaya ƙauyuka ya ga inda fari ya fi ɓarna, don a san inda za a fara kai hatsi. Jami'in mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa sosai, sai a nemo mai Turanci. Mai gari ya aika aka kira ni. Masinjan ya nuna mini irin takardar da za a cika. Gaban sunan kowane gari akwai gurbi uku, kowane da kalmarsa a sama: affected, sai badly hit, sai devastated. Ya ce mini a hankali, motar hatsi da na gurbi na uku take farawa, in ya rage a waiwayi na biyu. Na farko kuwa sai su yi haƙuri.

Na ruga gida na ɗauko littafina da ƙamus, na dawo gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar mai gari inda dattawa suka taru.

"To, ɗan boko," in ji mai gari, "mi ne bambancinsu?"

"Ranka shi daɗe, dukkansu duka ne, nauyin hannu ya bambanta. Ta farko awa mutum ya goge ka da kafaɗa cikin kasuwa. Ta biyu an mare ka har ka kai ƙasa. Ta uku an rushe ɗaki bisa kanka."

Wani tsohon maƙeri, wanda bakinsa ba ya shiru ko a wurin jana'iza, ya ce, "Turawa dai ba su da aikin yi. Duka ma sai sun yi mishi aji-aji awa makaranta. To mu aji nawa muke, malam?"

Aka yi dariya. Na ce aji na uku muke, kuma dole jami'in ya gani da idonsa.

Liman ya gyara zama. "Mu dai ba a rushe muna ɗaki ba. Da sauran numfashi, da sauran godiya."

Mai gari ya nuna ni da carbi. "Ka kiyaye bakinka gaban baƙon ga. Kada ka faɗi abin da za a ce muna zargin hukuma, ko muna kushe abin da Allah ya hukunta."

Na ce masa kalmomin zargi dabam suke, shafinsu ma dabam. Faɗin an buge ka ba zagin wanda ya buge ka ba ne. Ya ce shi bai san shafi ba, ya dai san mutum ba ya kwance wandonsa gaban baƙo. Daga nan suka bar maganar takarda suka shiga abin da ya fi damunsu, wato yadda za a tarbi mutumin. Na roƙe su. Na ce don Allah a bar shi ya same mu yadda muke, kada a share ko ƙofar gida. Baba ya ɗago kai.

"Baƙo shi zo garin Gobirawa shi koma da yunwa? Ba da raina ba. Zauna, kai yaro ne."

Akuya ɗaya ta rage a garin, ta mai gari, aka ce a yanka ta. Kowane gida ya kawo tafin hannu na gero daga cikin irinsa, aka haɗa aka yi fura. A gidanmu aka daka, tunda Inna ta fi kowa iya damu. Na tsaya ina kallon dunƙulen furar nan a ƙwarya, ina auna ta da ido: kunun kwana bakwai ne har da ƙari. Ƙamshinta ya cika gidan. Matata tana zaune bakin ƙofa da yarinyar a cinya, tana ɗiga mata ruwan dusa da tsumma.

"Malam," ta ce, "in baƙon ya sha ya rage, ka ce mishi akwai mai shan saura. Ka faɗa da Turanci mai daɗi, irin na wasiƙa."

Na juya baya don kada ta ga fuskata.

Da hantsi motar jami'in ta iso. Jami'in dattijo ne mai furfura, idanunsa sun yi ja don gajiya, takalmansa sun yi futu-futu. Ya tarar da fili a share, an shimfiɗa tabarmi, maza sun sha rigunan sallah, an ɓoye yara masu kumburin ciki a ɗakuna. Daga kowace kusurwa ana jin lugude, hayaƙi na tashi daga kowane gida. Aka kawo nama da fura. Ya yi ta cewa a bari, mai gari ya ce ba a yi wa Gobirawa haka. Ya ci tsoka biyu, ya sha ludayi uku.

Sannan ya buɗe takarda ya fara tambaya, ina fassarawa. Ya ce a tambayi liman yaya amfanin bana. Liman ya yi murmushi ya ce, "Da godiya." Ni kuwa na juya na zazzage masa duk abin da ke shafina. Na ce fari ya buge mu, ya nuna mana ƙarfi, ya ragargaza mu, ya kai mu ƙasa, duk kalma mai nauyi da na taɓa haddacewa sai da na ɗora. Ya tambayi wani ko an rasa dabbobi. Mutumin, wanda na san shanunsa shida sun mutu a gabansa, ya ce, "Na Allah ne, ya karɓi abinshi." Na sake kwararo wasu kalmomin.

Jami'in ya ajiye biro ya dube ni. Cikin Turanci mai sanyi ya ce, "Malam, tsohon nan kalma biyu ya faɗa yana murmushi, kai ka faɗi ashirin." Ya ce duk garin da ya shiga akwai malami mai ƙamus, duk wasiƙar da ke kan teburinsa da kalma ta uku take farawa, har kalmar ta daina yi masa nauyi a kunne. Hatsin ba zai ishi kowa ba. Jiya ya wuce wani ƙauye ta wajen Sabon Birni inda bai tarar da kowa ba sai tsofaffi biyu. Shi abin da idonsa ya gani zai rubuta, kuma a nan ya ga nama, yana jin daka, yana ganin hayaƙi. Ban ji haushinsa ba. Gaskiya ya faɗa, mu muka shirya masa ƙaryar da hannunmu.

Ya ce a nuna masa rumbu guda ɗaya. Na yi fatan a kai shi gidan maƙeri, wanda rumbunsa ya daɗe a buɗe kaji na kwana ciki. Amma in baƙo ya ce a nuna masa rumbu, ba a kai shi sai na sarkin noma. Haka muka ɗunguma gidanmu, dattawa a gaba, mata suka shige ɗakuna.

Baba ya kafa tsani da kansa, ya hau ya ɗage hular ciyawar, ya sauko ya yi wa baƙon nuni da hannu. Wannan ne karo na farko da na ga wani ya leƙa rumbun nan. Jami'in ya hau ya duba, ya ga zangarniyar gero jere har baki. Ya sauko ya gyaɗa kai, ya ɗora takardar a gwiwa. Ina tsaye a kafaɗarsa. Na ga bakin biron ya wuce gurbi na uku, ya wuce na biyu, ya sauka a na farko.

Na waiwaya wajen ɗakina. Matata ta ɗan ɗage asabari tana leƙe, yarinyar a kafaɗarta, kanta ya langaɓe gefe. Tun safe ban ji kukanta ba, sai a lokacin na lura da haka. Taɓaryar Inna tana jingine da turmi, taku uku daga inda nake.

Ban tuna na yi shawara da zuciyata ba. Na dai ga taɓaryar a hannuna, na ɗaga ta na sauke a cikin rumbun. Ya yi ƙara irin ta tulun da babu ruwa.

"Kai!" in ji Baba.

Na sake bugawa, ƙasar ta tsage. A na uku ta rufta, rami ya buɗe wanda babban mutum zai iya shiga. Ƙura ta fito, da kashin ɓera, da wani ƙadangare da ya ruga ta tsakanin ƙafafun mai gari. Karan da aka gicciya a sama ya goce, 'yan zangarniyar nan suka zubo cikin ƙurar. Duk abin da ke rumbun sarkin noma bai cika faifai biyu ba.

Baba ya tako a hankali, ya tsaya gabana, ya kwaɗa mini mari. Tun ina yaro rabon da hannunsa ya taɓa ni. Hannun ba nauyi, ƙashi ne kawai, kuma wannan ya fi marin ciwo. Duk da haka ban tsaya ba. Na ture turmin Inna, ƙaiƙayi ya zube. Na buɗe tukunyar da ke kan wuta, ruwa ne ke tafasa. Inna ta fito ta rufe fuska da mayafi. Na je na karɓi yarinyar daga hannun uwarta na kawo ta gaban jami'in. Na buɗe baki in yi magana, Turancin duk ya gudu, ko kalma ɗaya ban samu ba. Sai kawai na miƙa masa ita.

Ya karɓe ta da hannu biyu. Na ga ya ɗan ɗaga ta ya sauke, kamar mai neman inda nauyinta ya tafi. Ya taɓa maɗigarta da yatsa. Ya juya wajen dattawa, da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Duka gida haka?"

Mai gari ya dubi ƙasa. Liman ya dubi carbinsa. Na fara tsoron za su ce lafiya lau. Sai maƙerin nan ya yi gyaran murya.

"Duka," ya ce. "Akuyar da ka ci ita ce autar garin ga."

Jami'in ya mayar mini da yarinyar, ya zauna a kan turmin da na ture. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, wanda ya ci naman da shi. Sannan ya soke alamar farko, ya yi wata a gurbi na uku, ya sa hannu a gefe. Kafin ya tafi ya buɗe bayan mota ya ɗauko gwangwanin madarar gari, rabi ya rage, wadda yake shan shayi da ita. Ya ba ni, ya ce a riƙa damawa da tafasasshen ruwa. Ya ce ba shi ke tuƙa motar hatsi ba, bai san ranar zuwanta ba.

Kafin la'asar Baba ya aiko Inna ta ce in bar masa gida. Muka kwashe tabarma da kwallaye muka koma ajin makaranta, wanda dama babu kowa.

Ba wanda ya ce mini na gode. A masallaci sahu ya riƙa barin fili a gefena. In na wuce gindin bedi hira ta tsaya, in na ba da baya ta tashi. Aka ce ɗan boko ya tsiraita ubansa gaban baƙo. Aka ce littattafan banza sun taɓa mini kai. Mata a bakin rijiya suka yi wa matata habaici, wai wasu sun auri gatari. Na gane Hausa ma tana da nata jerin: akwai mai suka a gabanka, akwai mai gori, akwai mai zunɗe da baki, kuma akwai mai amsa sallamarka shi kaɗai a taƙaice, wanda ya fi su duka. Ban iya cewa sun yi ƙarya ba. Mutumin da ya ciyar da rabin garin nan a shekarun baya, ni na nuna wa duniya kashin ɓera a rumbunsa.

Madarar muka riƙa aunawa da ƙaramin cokali, ruwa da yawa gari kaɗan, har ya zama farin ruwa kawai. Kullum da hantsi sai in fita bakin hanya in tsaya. Na kasa kunne har na fara jin ƙarar mota a cikin kukan kurciya. Kwana goma sha ɗaya gwangwanin ya ƙare. Matata ta zuba ruwa ta girgiza, ta sake zubawa ta girgiza, har ruwan ya fito garau. Washegari na taka zuwa Isa a ƙafa. A ofishin aka ce an aika da sunaye, a jira. Na tambayi kwana nawa, magatakardan ya buɗe tafin hannunsa biyu, alamar shi ma bai sani ba. Na juyo cikin rana, sau biyu ina faɗuwa a hanya, ina tashi don ina tsoron abin da za ni tarar in na makara.

Na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da allon aji, yarinyar kwance a cinyarta ido rabi a buɗe.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce tana tafe."

"Malam, ka daina min irin maganar littafi. Mi sunka ce?"

"Sun ce a jira."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in yarinyar ta tafi, kada in je roƙon kowa ya zo, mu biyu mun isa, ba ta da nauyi. Na faɗi a gabanta na kama ƙafafunta ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na fasa rumbun ubana, na rasa gida, na rasa gari, kuma ga shi abin da na yi dominsa yana zamewa daga hannuna. Ta dafa kaina.

Da yammacin ranar Inna ta shigo ajin, tana waige-waige. Ta kwance bakin zanenta ta zazzage gero a faifai, akwai ɗan jan ƙasa a cikinsa. Na gane shi. Irin nan ne da ya zube a ƙurar rumbu, an tsince shi, an sussuka, an sheƙe.

"Inna, irin Baba ne. Ya sani?"

"Kada ka tambaye ni wanda ya aiko. Hura wuta."

Ita da kanta ta daka, ta dama kunu. Matata ta sha ludayi biyu cikinta ya murɗa, ta huta, ta ƙara. Ruwan saman kunun aka tace aka ɗiga wa yarinyar. Haka muka ja kwana biyar da geron da ya kamata a shuka. A na shida, ana sallar azahar, motar hatsi ta shigo gari.

Jar dawa ce, irin wadda ba mu saba da ita ba, mai tauri. Aka auna wa kowane gida da tiya a ƙofar mai gari. Duk waɗanda suka bar fili a sahu suna cikin layi da buhunansu, ba wanda ya dube ni, ni ma ban dubi kowa ba. Maƙerin ne kawai da ya zo wucewa ya ce, "Malam, ashe aji na uku ya fi abinci." Baba bai zo layi ba, Inna ta karɓo rabon gidan. Bai sake gina rumbun nan ba, kuma da ruwa ya dawo ya ce a nemi wani sarkin noma. Har ya rasu, tsakanina da shi gaisuwa ce: in durƙusa, ya amsa, in tashi.

Kwana huɗu bayan zuwan motar, da safe, ina tsakar filin makaranta ina fasa itace, na ji matata ta ƙwala kira. Gatarin ya faɗi daga hannuna. Na ruga ina salati, na tabbata abin da nake tsoro ne ya faru.

Na same ta tsaye tsakiyar aji, ta riƙe gaban rigarta da yatsu biyu ta janye shi daga jiki. Ya jiƙe wuri biyu.

"Tsaya nan kana kallo," ta ce. "Miƙo min ita, mana."

Na ɗauko yarinyar na ɗora mata. Da farko ba ta kama ba, ba ta da ƙarfin buɗe baki. Uwar ta matso ɗigo ta shafa mata a leɓe. Ta lasa. Ta ƙara lasa. Sannan ta kama, muka yi tsit mu biyu, har muka ji ƙarar haɗiya a maƙogwaronta.